Yadda Za Ki Riƙe Kujerunki Masu Farar Leda

Zancenmu na wannan mako a kan kujerun nan ne masu farar leda, waɗanda a ke jera wa amare cikin kayan ɗaki.

Da kaka ta yi, an sayar da gyaɗa da wake, sai bukukuwa su kankama tun daga Tsanyawa har Dumbulum da 'Yankamaye. Za ki ga mota ta taso daga Kano ta hanyar Bichi, an ɗauro gado da katifa da kujeru farare fat kamar auduga. Kowa ya san abin da uba ya sha kafin ya haɗa kuɗinsu. Wani sa ya sayar, wani ya taɓa rumbu, wani ma sai da ya jinginar da gona. Bisa al'adarmu kuwa kayan ɗaki na mace ne, su ne dukiyarta, su ne abin da za ta iya juyawa in rana ta ɓaci. Amma sau da yawa kafin a yaye ɗan fari kujerun sun yi rawaya, sun tsattsage, soso ya leƙo. Sai a ce mai kushin ya yi ha'inci. Wani lokaci haka ne. Amma galibi ba dauɗa ce ta kashe su ba, irin wankin da aka yi musu ne, da zafin da aka bar su a ciki.

Leda ba fata ba ce

Ko da ya ke sunan nan leda daga kalmar Turawa ta fata aka aro shi, abin da ke jikin kujerarki ba fata ba ne. Roba ce aka shimfiɗa bisa yadi. In kin kifa kujerar kin duba inda aka buga ƙusa, za ki ga yadin a bayanta. Irin robar nan ita ce ta bututun ruwan famfo, wadda a ke kira PVC, kuma asalinta tauri gare ta. A shekarar 1926 wani masani a Amurka, Waldo Semon, wanda ke aiki a kamfanin B.F. Goodrich, ya gano yadda za a cuɗa ta da wani sinadari mai kama da mai, ta yi laushi ta lanƙwasu. To, wannan man da ke cikinta shi ne ranta. Muddin yana nan tana da laushi. Ran da ya fita sai ta bushe ta fashe kamar kaushin ƙafa da hunturu, ba kuwa mai iya mayar da shi.

Mun saba ganin dukawa suna shafa wa fata mai don ta yi laushi, shi ya sa waɗansu mata su kan shafa wa kujera man kaɗe, ko man gyaɗa, ko basilin. Fata tana sha, leda ba ta sha. Man sai ya zauna a sama ya kama ƙura ya yi danƙo, kāna a hankali ya sa ledar ta sandare.

Waɗanda suka fi kowa sanin halin farar leda su ne masu ƙananan jiragen ruwa na inji a Turai da Amurka. Mu a nan, kwalekwalen fito irin na Dam ɗin Watari da ke Bagwai, bisa katako a ke zama. Su kuwa da farar leda a ke rufe musu kujerun jirgi, gama fari ba ya ɗaukar zafin rana kamar baƙi. Kujerun nan cikin rana da laima su ke wuni, duk da haka su kan yi shekaru a hannun mai kula. Dokarsu kuwa ba ta da wuya: sabulu mai sauƙi da ruwa a kai a kai, a tsane sarai, a rufe daga rana. Ita ce dai za ta yi mana amfani cikin ɗaki.

Yadda a ke wanki

Da fari dai sai ki kaɗe ƙura da busasshen tsumma mai laushi kowace safiya, balle da hunturu. Kada ki fara da jiƙaƙƙen tsumma, domin ƙurarmu da yashi a cikinta, in ta sha ruwa ta zama taɓo, kina gogawa tana kankare ledar.

Sau ɗaya a mako ki zuba ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, cikin kwanon sha. Ki sa cokalin shayi 1 na sabulun ruwa na wanke-wanke, in babu ki kaɗa ɗan sabulun wanka har ya yi kumfa. Ki nemi tsumma 3, dukansu farare, gama mai launi ya kan yi zuba. Na fari ki tsoma ki matse sosai ki goge a hankali. Wajen ɗinki da lungu, inda dauɗa ke maƙalewa, ki bi da tsohon buroshin haƙori. Na biyu ki jiƙa da ruwan zalla ki ɗauke sabulun duka, don sabulun da aka bari shi ma ƙura ya ke kamawa. Na uku busasshe, ki tsane da shi.

Ko kusa kada ki kwara wa kujera ruwa. Ta ramukan allura ya ke bi ya shige cikin soso, soso kuwa in ya sha ruwa a rufe ba ya bushewa da wuri, sai wari da funfuna su biyo baya.

Abubuwan da ba a kusanta da su

A fuskar leda akwai wani siririn rufi mai sheƙi, shi ke hana dauɗa shiga. Toka da yashi da soson ƙarfe, waɗanda mu ke darje tukunya da su, suna cinye rufin nan. Ranar za ki ga kujera ta yi fari ƙal ki yi murna, bayan mako biyu kuwa ta fi dā baƙi, gama yanzu dauɗa ta sami wurin zama. Haka kuma garin omo da bai narke ba, da ruwan kanwa, da sabulun soda mai cin hannu.

Mafi muni su ne kananzir da fetur da tina da maganin goge farce. Su kan fid da tabo nan take, amma tare da tabon su ke tsotse man nan da muka ce shi ne ran leda. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Tabo iri iri

Manja, ko miya, ko tofin goro: a ɗauke nan da nan da tsumma, a dangwala kada a shafe, sa'an nan a bi da ruwan sabulu. Tabon da aka kama cikin sa'arsa ya kan fita, wanda ya kwana sai an sha wuya.

Tawadar biro: a sami sipirit a kantin magani, a ɗiga kaɗan bisa auduga, a dangwala a kan zanen kawai, a wanke da ruwan sabulu. A fara gwadawa a bayan kujera inda ba a gani.

Lalle da rini su ne manyan abokan gāba. Leda tana jan launi zuwa cikin jikinta, in ya shiga kuwa ba sabulun da zai kai gare shi. Zane mai shuni irin na marinar Ƙofar Mata, da turkuɗin Kura, da sabon wandon jins, da atamfar da ba a taɓa wankewa ba, duk suna bar wa farar kujera shaida, musamman in da gumi. Wadda ta yi ƙunshi, ko jan lalle ko baƙi, sai ta zauna a tabarma har ta wanke. Ran suna ko biki, da ɗaki zai cika da baƙi, ki shimfiɗa farin yadi bisa kujerun tun da safe.

Funfuna kuwa da damina ta ke zuwa, balle cikin Agusta da ruwa ya yi yawa. Baƙin ɗigo-ɗigo ne, dauɗa da maiƙon da ke kan ledar ta ke ci, watau kujera mai tsabta ba ta cika yin ta ba. In sabulu ya kāsa, sai a sa ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, amma cokali 1 cikin cokali 10 na ruwa, a kan tabon kaɗai, a buɗe taga, a ɗauraye sosai. A kiyaye ɗinki, gama bilic yana cin zare. Lalle lalle kada a gauraya shi da ruwan khal, ko lemun tsami, ko maganin wanke masai, domin iskar da ke tashi guba ce mai shaƙe mutum. A kuma ajiye kwalbar inda yaro ba zai kai ba.

In kin ga tabo ruwan hoda wanda ba ya gogewa, daga ciki ya fito. Waɗansu ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa cikin jiƙaƙƙen soso su ke fid da launin. Darza ba ta yi masa magani, sai a nemi inda laima ke shiga.

Rana da wuta da laima

Cikin Afrilu zafi a ƙasar Kano ya kan kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Kada ki ajiye kujera inda rana ke faɗowa ta taga, in ba wani wuri ki saki labule. Kaskon turaren wuta, da fitila, da maganin sauro mai hayaƙi, a nisanta su: hayaƙi yana sa fari ya yi rawaya, garwashi ɗaya kuma ya isa ya huda. Dutsen guga da tukunya mai zafi ba wurinsu ba ne.

Da damina ki janye kujera daga bango kamar taƙi guda don iska ta ratsa, ki ɗora ƙafafunta bisa 'yan bulo saboda laima da gara. Ledar nan ta kanti da a ke naɗo sabuwar kujera a ciki, wadda waɗansu ke bari har shekara, a cire ta, gama gumi ta ke tarawa. Farin yadin auduga ya fi ta. In kuwa an sami 'yar yagewa, a kira mai kushin tun tana ƙarama, kada a manna salatif, don danƙonsa ya kan bar tabo.

Ga iyaye masu shirin saye

Leda iri iri ce. Akwai wata siririya mai laushi kamar fata wadda bayan 'yan shekaru ta kan yi saɓa, kome kulawar mai ita. Ku ce mai kushin ya nuna muku ƙyallen da zai yi aiki da shi, ku duba kaurinsa da yadin bayansa, ku roƙi ragowar ku ba amarya ta ajiye, don gwajin magani da kuma faci.

Ku kuma 'yammata, wannan aikin naku ne ran Asabar da ba makaranta. Ku fid da biro daga hannun ƙannenku kafin su hau kujera, ku koyi wankin nan a ɗakin iyayenku tun yanzu, gama gobe naku za a jera. Tsumma 3 da cokalin sabulu ba su kai kuɗin ko ƙafar kujera ɗaya ba.

Allah ya sa albarka cikin abin da iyaye suka yi mana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.