Fair Isle, zangon tsuntsaye a tsakiyar teku

Can arewacin Birtaniya, tsakanin tsibiran Orkney da Shetland, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Fair Isle. Tsawonsa kusan kilomita 5 ne, mazaunansa ba su kai 100 ba. Amma daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, masu sha'awar tsuntsaye kan yi tururuwa zuwa can, kowa rataye da madubin hangen nesa.

Abin da ke kai su shi ne ƙaura. Kafin sanyi ya kankama, tsuntsayen da suka hayayyafa a Norway da maƙwabtanta sukan nufi kudu, ƙananan cikinsu galibi da dare. Idan iskar gabas ta taso da hazo da yayyafi, sai ta kauce da su daga hanya zuwa tsakiyar teku. Ƙasar da suka fara gani, nan za su faɗa. Shi ya sa baƙin tsibirin ke fatan irin yanayin da kowa ke gudu. Gari na wayewa sai a ga tsuntsaye jingim a kan katangun dutse da cikin lambunan kabeji, wani ya galabaita har a matso kusa bai tashi ba. Akwai wani ɗan mitsitsi mai ratsin rawaya a saman ido, nauyinsa kamar giram 6, daga Siberiya. Kudu maso gabashin Asiya danginsa ke zuwa, ga shi a nan yana tsintar ƙwari. Wannan kaɗai ya isa abin al'ajabi a wurina.

Tun 1948 George Waterston ya kafa cibiyar nazarin tsuntsaye a tsibirin. Gobara ta cinye gininta a 2019, amma aikin bai tsaya ba. Ma'aikata na amfani da tarkon Heligoland, ragar waya mai faffaɗan baki da ke tsukewa har ta ƙare a akwati. A kora tsuntsu ciki, a auna nauyinsa da tsawon fiffike, a saƙala masa zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a sake shi.

Mu da muka san zuwan shamuwa, wannan ba baƙon labari ba ne. Da yawa daga tsuntsayen Turai sukan ƙetare Sahara su yi rani a fadamun Haɗejiya da Nguru da bakin Tafkin Chadi. Wanda ya tsinci tsuntsu mai zobe, ya duba da kyau: ban da lambar, akwai adireshin da ake aika labarin inda aka same shi da ranar.