Yadda A Ke Gina Sakin Layi A Rubutun Turanci

Ni ɗan aji biyar ne, shekarata 16. Abin da ya sa na zaɓi in yi bayani a kan sakin layi shi ne wani abu da ya same ni a zangon farko na bana, wanda har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni.

Wata rana malaminmu na Turanci ya ce mu rubuta insha'i a kan kasuwar garinmu. Na zauna lokacin firef na cika shafi biyu da rabi, na zuba duk manyan kalmomin da na haddace daga ƙamus. Da aka raba mana littattafanmu sai na ga maki 14 cikin 50. A gefe kuma Malam ya tambaye ni da jan biro ina na kai sakin layina, don tun daga farko har ƙarshe ban saki layi ko sau ɗaya ba.

A daren nan ban yi barcin kirki ba, saboda na tuna da Yayana. Sau biyu yana zana jarrabawar fita sakandare, yana cin lissafi da sauran darussa, amma Turanci na kayar da shi. Duk sau biyun sai da Baba ya fid da hatsi daga rumbu ya sayar kafin a biya kuɗin jarrabawar. Yanzu Yaya yana gida, domin jami'a ba ta ɗaukar wanda ba shi da kiredit a Turanci. Na ce a raina, in ban tashi tsaye ba, haka ni ma zan koma.

Kashegari na sami Malam a ofis. Na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, ina laifina ya ke? Na ga ai Turancin nawa ba shi da kuskure da yawa." Ya yi murmushi ya ce, "Kai yaro, babanka manomi ne ko?" Na ce i. Ya ce, "Ka taɓa ganin ya haɗa gero da dawa da wake ya ɗaure a dami ɗaya?" Na ce a'a. Ya ce, "To, abin da ka yi ke nan. Sakin layi dami ne. Magana iri ɗaya a ke tarawa a ɗaure, in an gama a ɗauko wata."

Daga nan ya nuna mini yadda a ke raba maki a jarrabawar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952. Ana son insha'i ya kai kalmomi 450. Maki 10 na ƙunshiya ne, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na kiyaye ƙa'idojin rubutu. Sakin layi yana cikin makin tsari. Har ila yau, wanda ya jero dalilai bai faɗaɗa ko ɗaya ba, zai yi asarar makin ƙunshiya. Ashe ta fuska biyu na cuci kaina.

Ita kalmar "paragraph" ta Turanci asalinta daga harshen Girka ta ke. Da can wata 'yar alama ce da marubuta ke yi a gefen rubutu don nuna inda magana ta sauya. Wani malami na ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Bain, a cikin littafinsa na koyar da insha'i da ya fito a 1866, yana daga cikin waɗanda suka fara shimfiɗa wa sakin layi dokoki. Ya nuna cewa ya kamata sakin layi ya tsaya a kan magana ɗaya, jimlar farko ta nuna abin da za a tattauna, sauran kuma kowace ta kama 'yar'uwarta.

Wannan jimla mai ɗauke da jigo ita Turawa ke kira "topic sentence", Malam kuwa ya ce mu kira ta uwar jimla. A nan ne mu Hausawa mu kan sha wuya. A al'adarmu, in ka je wurin babba da buƙata, sai ka yi gaisuwa, ka tambayi gida da gajiya, ka kewaya kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. Wannan ladabi ne mai kyau a zaure. Amma a insha'in Turanci mai duba takarda yana so ya ga abin da ya kawo ka tun a layin farko. Bayan ka faɗe shi, saura ka faɗaɗa. Ga hanyoyin faɗaɗawa guda bakwai da muka koya. Zan ba da misalan da Hausa domin iyayenmu su bi mu.

Hanya ta farko ita ce kawo misalai. In uwar jimlarka ta ce, "Itacen kuka yana da amfani da yawa a ƙasar Hausa," kada ka tsaya nan. Ka ce da ganyensa a ke yin miya, da garin 'ya'yansa a ke dama kwalba da nono, da ɓawonsa kuma a ke tufka igiya. Misali uku masu ƙarfi sun fi goma da aka ambata a gurguje.

Hanya ta biyu ita ce bin lokaci, watau a fara da abin da ya fara faruwa. Alal misali, in ana maganar yadda jihohin Nijeriya suka ƙaru, sai ka ce a 1967 aka yi jihohi 12, a 1976 suka zama 19, a 1987 suka zama 21, a 1991 suka kai 30, kana a 1996 suka cika 36. Haka kuma a ke yi wajen bayyana yadda a ke yin wani abu. Mai bayanin fura zai fara da surfen gero da wanke shi, sa'an nan a daka da kayan yaji, a dunƙula, a dafa, a kirɓa a turmi, a cura, daga bisani a dama da nono. In ya sa kirɓi kafin dahuwa, ko ƙanwata ta aji uku na firamare za ta yi masa dariya.

Hanya ta uku ita ce bin wuri, kuma da ita a ke siffanta abu. Ka ɗauka ka riƙo hannun baƙo kana zagayawa da shi. Da na sake rubuta insha'ina na kasuwa, sai na shiga ta ƙofar gabas inda 'yan hatsi su ke, na wuce rumfunan 'yan koli da na masu atamfa a tsakiya, na ɓullo wurin mahauta, na ƙare a kara inda a ke cinikin dabbobi. A rubutuna na farko kuwa, daga tumatir na yi tsalle zuwa raƙumi, na komo kan gishiri.

Hanya ta huɗu ita ce kwatanta abu biyu, a nuna inda suka yi kama da inda suka bambanta. Gero da dawa duka hatsi ne, da su mu ke tuwo da kunu. Amma gero ya fi saurin nuna, yana jure ƙarancin ruwa, yana kuma yi a jigawa, ita kuwa dawa ta fi son damina mai tsawo da ƙasa mai ƙarfi, sai bayan ɗaukewar ruwa a ke girbe ta. Kana iya gama maganar gero tukuna ka koma kan dawa, ko kuwa ka riƙa ɗaukar siffa ɗaya kana auna su biyun a kanta. Kowace ka zaɓa, ka tsaya a kanta har ƙarshe.

Hanya ta biyar ita ce nuna dalili da sakamako. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Saboda haka kai gyaɗa bakin teku ya yi sauƙi, 'yan kasuwa suka shiga sayenta da daraja, manoma suka ƙara nomanta, har daga baya aka riƙa tara buhunanta ana yin dalar gyaɗa. Kowace jimla a nan ita ta haifi ta gabanta. Sai dai Malam ya gargaɗe mu cewa don abu ya zo bayan wani, ba lalle ba ne shi ya jawo shi. Zakara na cara kafin alfijir, amma ba shi ke fito da rana ba.

Hanya ta shida ita ce bayyana ma'ana. Wannan tana da muhimmanci gare mu, don mai duba takardarka yana iya zama mutumin da bai taɓa zama ƙasar Hausa ba. In ka rubuta kalmar gayya, sai ka ce aiki ne na taimakon juna, inda mutanen gari ke taruwa su yi wa mutum ɗaya noma ko gini ba da lada ba, shi kuma ya ciyar da su. Daga nan ka nuna yadda ta bambanta da ƙodago, wanda a ke yi don kuɗi.

Hanya ta bakwai ita ce rarrabawa gida gida. Kana iya cewa makarantun da yaran garinmu ke zuwa iri uku ne, da ta allo da ta Islamiyya da ta boko, sa'an nan ka ba kowace jimla ɗaya ko biyu. In ka ce uku ne, to ka kawo ukun cif. Sau da yawa kuma a kan gama hanya biyu a sakin layi ɗaya, kamar a bayyana ma'ana kana a kawo misali.

Dami kuwa ba ya ɗauruwa sai da igiya. Igiyar sakin layi ita ce ƙananan kalmomin haɗi. Ana sa "for example" in za a kawo misali, "however" in za a juya magana, "therefore" in za a faɗi sakamako, "finally" in an zo ƙarshe. Amma kada a watsa su barkatai. Wani abokina ya fara kowace jimla da "however" don ta yi masa daɗin faɗi, alhali babu maganar da ya ke juyawa.

Ga abin da na ke yi yanzu. Kafin in fara insha'i sai in ɗauki minti biyar in rubuta uwayen jimloli huɗu ko biyar a bayan takarda, in sa wa kowace hanyar da zan bi in faɗaɗa ta. In na gama sakin layi sai in karanta, duk jimlar da ba ta taimaki uwarta ba in soke ta, kome kyanta. A gwajin da muka yi kafin hutu na sami 29 cikin 50. Da sauran tafiya, don har yanzu ina tuntuɓe a nahawu, amma sannu ba ta hana zuwa. Da na je gida na nuna wa Yaya littafina, muka yi ta gwadawa tare da dare, ya kuma ce zai sake zama jarrabawar.

Ina roƙon iyayenmu, ko da ba ku jin Turanci, kuna iya taimakonmu. In mun zo hutu, ku sa mu karanta abin da muka rubuta, mu fassara muku, ku tambaye mu, "Wannan yankin a kan me ya ke magana?" In yaro ya kasa amsawa da jimla ɗaya, to daminsa bai ɗauru ba, sai ya sake. Ku kuma 'yan'uwana na ƙananan azuzuwa, ku fara tun yanzu, kada ku jira sai jan biro ya same ku kamar yadda ya same ni. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.