Lalle: Ganyen Magani Da Ake Zane Da Shi, Da Wanda Bai Kamata A Sa Wa Ba

A ƙasar Ostareliya, mai zane Gloria Petyarre, 'yar asalin mutanen ƙasar na farko, ta yi suna da zana ganyayen da danginta ke magani da su. A wajenmu kuwa ganyen maganin ne da kansa ake zane da shi. Daga Tambuwal zuwa Kebbe, da wuya a yi biki ko suna ba a kwaɓa lalle ba, kuma iyaye kan shafa shi don sanyaya tafin ƙafa ko busar da ƙuraje.

Jan da lalle ke bari ya fito ne daga sinadarin lawsone da ke cikin ganyen. Ga yawancin manya ba ya cutarwa. Matsalar tana ga masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Gadonsa ake yi, ya yawaita a Najeriya, kuma ya fi bayyana ga maza. Fatar jariri siririya ce, lawsone na ratsa ta ya shiga jini ya farfasa ƙwayoyin. Cikin kwana ɗaya zuwa uku sai a ga ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar shayi, yaro ya ƙi kama nono. Shawara mai tsanani a jariri tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar kurumta ko nakasa har abada. Tunda galibin jariranmu ba a auna musu G6PD, shawarata ita ce kada a sa wa jariri lalle ko kaɗan, ko da a cibiya ne.

Baƙin lalle wani abu ne daban. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Sau da yawa rinin gashi mai sinadarin PPD ake zubawa. Yana jawo ƙaiƙayi, bororo da tabo daidai kan zanen, wani lokaci sai bayan mako ɗaya ko biyu. Idan yaro ya haɗiye shi, wuya da harshe kan kumbura, ƙoda kuma na iya tsayawa.

Duk jaririn da idonsa ya yi rawaya bayan lalle, a wanke wurin, a kai shi asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita abin da aka shafa. Idan zai buƙaci hasken magani ko canjin jini, za a iya tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.