Haɗarin sauya matatar iska a injin turbo

Turbo fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa domin ta tura ƙarin iska cikin silinda, kuma tana iya zagayawa fiye da sau 100,000 a minti guda. Kamfanin da ya ƙera mota yakan rufe matatar iska cikin akwati. Wasu masu mota kan cire akwatin su ɗaura buɗaɗɗiyar matata ta kasuwa, don neman ƙarfi da ƙara mai daɗi.

A arewacin Kamaru wannan kasada ce babba. Da hunturu, ƙurar da ke tasowa daga Bodele a Cadi kan lulluɓe Garwa da Ngong. Matata mai manyan ramuka ba ta tare ta. Ƙurar takan ci bakin fukafukan turbo, ta goge ringi da bangon silinda, har mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi. Hilux mai aiki a hanyoyin ƙauye marasa kwalta ta fi saurin gamuwa da wannan.

Ga kuma zafi. A Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40 a Garwa, buɗaɗɗiyar matata kuwa iskar cikin bonet take zuƙa, wadda ta fi ta waje zafi, sai ƙarfin da ake nema ya ragu. Man da ake shafa wa wasu matatun yakan ɓata na'urar auna iska, kwamfutar mota ta rikita lissafin mai.

Da damina, matatar da aka sanya ƙasa-ƙasa kan zuƙi ruwa a mashigi. Ruwa ba ya matsuwa, don haka sandar fistin takan lanƙwashe, inji ya buga nan take.