Hanyar aika saƙon tes kyauta daga imel zuwa wayoyin ƙasashen waje ta kama hanyar rufewa

A ranar 17 ga watan Yunin 2025, kamfanin AT&T, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wayar salula uku na Amurka, ya rufe wata tsohuwar ƙofa da mutane da yawa ba su ma san da ita ba. Kafin wannan rana, duk mai adireshin imel, ko a Kano yake ko a Alƙahira, yana iya rubuta wa mai layin kamfanin saƙo, ya sauka a wayarsa a matsayin tes, ba tare da mai aikawa ya biya ko kwabo ba. Shi ma kamfanin Verizon ya sanar cewa zai kammala rufe tasa ƙofar zuwa ƙarshen watan Maris na 2027.

Yadda abin yake aiki babu wuya. A gurbin da ake rubuta adireshin wanda za a aika wa imel, sai a saka lambar wayarsa mai lambobi goma, a bi ta da alamar @, sannan sunan da kamfanin layinsa ya ware domin wannan aiki. Na AT&T shi ne txt.att.net, na Verizon vtext.com, na T-Mobile kuma tmomail.net. Wata kwamfuta a kamfanin ce ke karɓar wasiƙar, ta yanke ta daidai tsawon tes, ta miƙa wa wayar. Idan mai wayar ya ba da amsa, amsar tana komawa akwatin imel ɗin wanda ya aiko.

Ga mahaifin da ɗansa ke karatu a Amurka a shekarun da kiran waya zuwa ƙetare ke cinye kati cikin 'yan mintoci, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Shiga shagon intanet na rabin awa ya isa a sanar da yaro cewa an tura masa kuɗi, ko an yi haihuwa a gida. A can Amurka kuwa, asibitoci da makarantu da 'yan kwana-kwana da masu kula da manyan kwamfutoci sun daɗe suna dogaro da hanyar wajen aika sanarwar gaggawa, domin kusan kowace na'ura ta iya tura imel, alhali ba kowace ce ke da layin waya ba.

Ba sabon abu ba ne saƙon tes ya fito daga kwamfuta. Saƙon farko a tarihi ma haka ya fito. A ranar 3 ga Disamban 1992 wani injiniya ɗan shekara 22 mai suna Neil Papworth ya aika wa Richard Jarvis na kamfanin Vodafone a Birtaniya gaisuwar Kirsimeti, kuma a kwamfuta ya rubuta ta, saboda wayoyin lokacin suna iya karɓar saƙo amma ba a iya rubutawa da su.

Dalilin da ya sa a Amurka abin ya bunƙasa

Tambayar da ta kamata a yi ita ce, me ya sa kamfanin da ke neman riba zai bar ƙofa a buɗe kowa ya shigo kyauta? Amsar tana cikin tsarin biyan kuɗi. Shekaru da dama a Amurka, mai waya yana biya idan ya aika tes, yana kuma biya idan aka aiko masa. Saboda haka duk saƙon da ya shigo ta imel kuɗi ne ga kamfanin, daga aljihun mai karɓa. Kyautar ta mai aikawa ce kawai.

A Turai da mafi yawan ƙasashen Afirka abin ba haka yake ba. Mai aikawa ne ke biya, mai karɓa ba ruwansa. A Najeriya, inda wayar GSM ta fara aiki a watan Agustan 2001, tes ɗaya ya daɗe a kan Naira 4 kafin ya koma Naira 6 bayan ƙarin kuɗin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da shi a watan Janairun 2025. Kamfanin da ke rayuwa da irin wannan kuɗi, in ya buɗe ƙofar imel kyauta, ya huda tulunsa da hannunsa. Shi ya sa hanyar ta zama kamar titi mai hannu ɗaya: aikawa daga Abuja zuwa Hiyustan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan aikowa daga Hiyustan zuwa wata ƙaramar waya a Funtuwa.

An ɗan taɓa gwada wani abu mai kama da haka a nan. A watan Yulin 2012 kamfanin Google ya ƙaddamar da Gmail SMS a Najeriya da Ghana da Kenya, inda imel ɗin mutum ke sauka a ƙaramar wayarsa a matsayin tes, ya kuma ba da amsa ta tes ba tare da data ba. Shirin bai ɗore ba.

Ko a inda ƙofar take a buɗe, akwai wani cikas: dole mai aikawa ya san kamfanin layin wanda zai aika wa. A da, farkon lamba ya isa shaida, kamar yadda kowa ya san 0803 na MTN ne, 0805 na Glo. Amma tun watan Nuwamban 2003 aka ba Amurkawa damar sauya kamfani su tafi da lambarsu, Najeriya ma ta bi sahu a watan Afrilun 2013. Wanda ya aika wa lambar da ta riga ta yi ƙaura ta adireshin tsohon kamfaninta, saƙonsa ya bi ruwa, kuma sau da yawa babu abin da zai dawo ya shaida masa hakan.

'Yan damfara sun ɓata rawar

Abin da ya sa hanyar ta yi daɗi shi ne ya kashe ta. Ba ta tambayar waye kai. Ƙirƙirar adireshin imel na bogi ba ya cin minti biyar, kuma ɗan damfara na iya sa kwamfuta ta jera lambobi dubu ɗari ta watsa musu saƙon cewa banki ya rufe asusunsu, ko kayansu sun maƙale a gidan waya, su latsa nan. Tun bayan dokar CAN-SPAM ta 2003, hukumar sadarwar Amurka ta haramta aika tallace-tallace ta waɗannan adireshi sai da izinin mai waya, to amma dokar Amurka ba ta tsorata wanda ke zaune a wata nahiya.

Sannan lissafin kuɗin ma ya juya. Da aka koma tsarin biyan kuɗin wata-wata mai tes ba iyaka, saƙon da ya shigo ta imel ya daina kawo wa kamfani komai sai ƙorafi. Daga 2021 kamfanonin Amurka suka fara tilasta wa duk 'yan kasuwar da ke tura saƙo ta kwamfuta da lambobin waya na yau da kullum su yi rajistar sunansu da irin saƙon da za su aika, su kuma biya. Barin ƙofar baya a buɗe kyauta alhali ana karɓar kuɗi a ƙofar gaba ba zai yi ma'ana ba. A gaskiya, ko da yake batun tsaro ne aka fi ambata, ba za a raba shi da batun kuɗin shiga ba.

Abin da ya rage: dillalai

Har yanzu ana iya aika tes daga imel zuwa kusan kowace ƙasa, sai dai ta hannun dillalai kuma da kuɗi. Kamfanoni irin su ClickSend na Ostireliya da BulkSMS na Afirka ta Kudu suna ba mutum damar buɗe asusu, ya zuba kuɗi, ya yi rajistar imel ɗin da zai riƙa aikawa da shi. Daga nan sai ya rubuta lambar wayar da sunan dillalin a gurbin adireshi, su kuma su nemo kamfanin layin su isar. Manya irin su Twilio da Infobip da Clickatell sun fi hulɗa da bankuna da kamfanoni. Galibin lambobin sirrin da Facebook ko WhatsApp ke turo wa mutum ta tes, ta hannun irin waɗannan dillalai suke biyowa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne rubuta lamba. Sai an fara da lambar ƙasa, an kuma jefar da sifirin farko: 234 ga Najeriya, 233 ga Ghana, 249 ga Sudan, 966 ga Saudiyya, 44 ga Birtaniya. Lambobin Nijar guda takwas ne, ba su da sifirin da ake jefarwa, 227 kawai za a ɗora a gaba. Farashi kuma ya danganta da ƙasar da saƙon zai je, wani lokaci har da kamfanin layin.

Kowace ƙasa da nata shingen. Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna buƙatar a yi rajistar sunan mai aikawa tun kafin a fara. Indiya ta wuce nan, domin kamfanonin cikin gida sai sun yi rajistar har da tsarin kalmomin saƙon. A Najeriya kuwa, tun watan Yulin 2016 NCC ta ba masu waya lambar 2442 domin toshe tallace-tallace, kuma saƙon da dillali ya biyo da shi ta hanyar talla ba zai shiga layin da aka toshe ba, ko da sanarwar rasuwa ce. Wasu dillalan masu araha kuma ta ɓarauniyar hanya suke bi, saƙo ya iso da wata baƙuwar lamba, ko ya iso gobe, ko kada ya iso sam. Kuma tes ba rufaffen saƙo ba ne: dillali na iya karantawa, kamfanin layi ma haka, don haka ba wurin rubuta lambar sirrin katin banki ba ne.

Harajin ƙugiya

Akwai wani tarko da ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. Kowane tes yana ɗaukar ƙwayoyin bayani 1,120 ne, waɗanda masana kwamfuta ke kira bit. Injiniyoyin Turai da suka tsara GSM a shekarun 1980, cikinsu har da Bajamushe Friedhelm Hillebrand, sun ware wa kowane harafi bit bakwai. In aka raba 1,120 gida bakwai, za a samu 160, adadin haruffan tes da kowa ya sani.

Amma jerin haruffan da suka tsara na harsunan Yammacin Turai ne. Akwai é da ñ da ü, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ da ake rubutawa a Nijar. Da zarar harafi ɗaya tak daga cikin waɗannan ya shiga saƙo, sai a juya saƙon gaba ɗaya zuwa wani tsari da ke ba kowane harafi bit 16, iyakar ta faɗo daga 160 zuwa 70. In saƙon ya zarce haka aka rarraba shi, kowane yanki haruffa 67 yake ɗauka maimakon 153. Wato saƙo mai haruffa 150 da aka rubuta babu ƙugiya kuɗin tes ɗaya ne, amma in an rubuta “kuɗi” daidai yadda malamin Hausa ya koyar, ya zama kuɗin tes uku. Hatta lanƙwasasshiyar waƙafin sama da wasu manhajojin imel ke sakawa da kansu a kalma irin “'yan” tana iya jawo wannan asara. Mai rubutu da Larabci ko ajami kuwa, 70 ɗin ce iyakarsa tun asali.

Daga baya an ƙara jeri na musamman domin Turkanci da Sifaniyanci da Fotugisanci da Urdu da harsunan Indiya da dama. Hausa ba ta ciki. Wasu hanyoyin ma ba sa wahalar da kansu, sai su maye gurbin harafin da alamar tambaya, “ƙasa” ta iso a matsayin “?asa”. Jama'a sun daɗe da samun mafita, sun watsar da ƙugiyar, kuma yawanci ana ganewa. Amma ba kullum ba. Tsakanin “bari” da “ɓari”, ko “fada” da “faɗa”, akwai tazarar da ke iya tayar da hankalin gida guda.

Su wa abin ya shafa?

Mai karatu na iya cewa ai WhatsApp ya raba gardama. Ga mai babbar waya da data, haka ne. Amma tsohuwar da ke ƙauye da ƙaramar waya mai tocila ba ta da WhatsApp, haka alhazai da yawa da ke sayen layin Saudiyya su saka a irin wannan waya. Tes kuma yana shiga a wurin da sabis bai kai ya buɗe hoto ba.

Sai kuma lokacin da gwamnati ta katse intanet. Kamaru ta yi haka a yankunanta biyu masu magana da Turanci daga watan Janairu zuwa Afrilun 2017. Sudan ta yi sama da wata guda ba intanet a wayoyi bayan tarwatsa masu zaman dirshan a Khartoum ranar 3 ga Yunin 2019. Nijar ta yi kimanin kwana goma bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairun 2021. Cadi kuwa ta toshe shafukan sada zumunta daga Maris na 2018 har zuwa Yulin 2019. A irin waɗannan ranaku, ɗan'uwan da ke ƙetare kira da tes ne kawai suka rage masa, muddin turakun sadarwa na aiki. In aka kashe turakun baki ɗaya, kamar yadda aka yi a Zamfara a watan Satumban 2021, to tes ɗin ma ba shi da ta inda zai bi.

A Amurka, cibiyoyin da suka gina tsarin sanarwarsu a kan txt.att.net sun riga sun koma wajen dillalai ko manhajoji, kuma masu dogaro da vtext.com suna da zuwa ƙarshen Maris na 2027 su yi haka. Wanda ke nan gida kuma har yanzu yana da irin wannan adireshi ajiye da sunan wani ɗan'uwa a cikin imel ɗinsa, gara ya gwada aika masa gaisuwa ya ga ko za ta isa, tun kafin ranar da zai buƙaci aika saƙon gaggawa.