Ka Saurari Injin Ruwan Kafin Ka Sayi Sabo

A Turai da Amurka akwai motocin yawon hutu da ake ƙera wa gado da murhu da kwanon wanke-wanke a ciki. Ruwan irin wannan mota yana cikin tanki ko jarka a ƙasa, kan famfo kuma yana sama. Tun da ruwa ba ya hawa da kansa, sai ɗan inji mai aiki da batir na bolt 12 ya tura shi.

Injin iri biyu ne. Na farko ana tsoma shi cikin jarka, kamar na kamfanonin Whale da Reich. Kana buɗe famfo, wani ɗan makunni da ke cikin famfon sai ya haɗa wuta. Na biyu, irin na Shurflo, a wajen tanki yake zaune. A cikinsa akwai faifan roba mai motsi kamar zugazugin maƙeri, ya zuƙo ruwa ya tura. Shi ƙarfin ruwan tiyo yake bi: ka buɗe famfo ƙarfin ya ragu, injin ya tashi, ka rufe, ya tsaya.

Da ka gane wannan, kunnenka zai kai ka inda ciwon yake. Buɗe famfo ka kasa kunne. In ka ji shiru, fara da wuta: duba fiyus, sannan cajin batir, sannan mahaɗar wayoyi. Daga nan jona injin kai tsaye da batir. In ya tashi, lafiyarsa ƙalau, makunni ko waya ne ke da laifi.

In kuwa injin yana kuka amma ruwa bai zo ba, ko dai tanki ya ƙafe, ko datti ya toshe mataci, ko iska ta shiga tiyo. Wanke matacin. Injin tsomawa kuma ka girgiza shi cikin ruwa har iskar ta fita, kada ka bar shi yana juyi a bushe, domin ruwa ne ke sanyaya shi. In na waje yana tashi da kansa alhali famfo a rufe yake, ruwa na yoyo a wani wuri. Sau da yawa ƙanƙarar hunturu ce ta tsaga wani abu, shi ya sa ake tsiyaye ruwan mota kafin sanyi ya shigo.

Sai injin ya ƙi tashi a kan batir, ko jikinsa ya tsage, za ka canza shi. Nemi wanda ya dace da tsohon a bolt, da yawan litar da yake turawa a minti ɗaya, da faɗin bakin tiyo. Cire fiyus, juye tanki, ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka kwance su. Wajen ɗaurawa, in na waje ne, bi kibiyar da ke jikin injin, ita ke nuna hanyar ruwa, kuma kada ka musanya wayoyin.

Cika tanki, buɗe famfo har ya daina tofar da iska, sannan ka rufe. Shafa busasshen tsumma a kowace mahaɗa. In bai jiƙe ba, injin kuma bai sake tashi ba, aiki ya yi.