Ko Ka Sani? Saniyar Tsaunin Everest Ba Ta Jure Zafi

Ko ka san akwai saniyar da sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri ba ya kayar da ita, amma da zarar zafi ya haura digiri 15 sai ta fara haki? Sunanta yak. Mazauninta tuddan Tibet ne da kewayen tsaunukan Himalaya, inda Everest yake tsaye a kan iyakar Nepal da Sin.

Sai an san ƙasar kafin a fahimci dabbar. Tsayin Everest mita 8,848.86 ne, bisa awon da ƙasashen biyu suka sanar a 2020. Kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, doron ƙasar Indiya ya yi karo da na Asiya, ƙasa ta tattare ta yi sama, kuma har yau tana ɗagawa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa dutsen da ke ƙololuwar tsaunin asalinsa daga ƙarƙashin teku yake, har da burbushin halittun ruwa a cikinsa. Duk hawan da ka ƙara, iska na ƙara raguwa. A wajen mita 5,500, oksijin da za ka shaƙa kusan rabin na bakin teku ne, a ƙololuwa kuwa kashi ɗaya cikin uku.

A wannan wuri mai wuya Allah ya hore wa yak abin da take bukata. Huhunta da zuciyarta manya ne, don haka tana hawa da kaya a inda ɗan Adam ke tsayawa neman numfashi. Gashinta hawa biyu ne: na waje dogo, yana sauka har kusa da kofato, na ciki kuma mai laushi da cunkoso, yana tsare ɗumin jiki. Kafofin guminta kaɗan ne, abin da ke taimakonta a sanyi yake kuma cutar da ita a zafi. Idan ƙanƙara ta rufe ciyawa, sai ta tone ta ci. Ba ta kuka irin na shanu, gurnani take yi.

Yadda raƙumi yake ga Buzaye, haka yak take ga mutanen Tibet da Sherpa. Suna shan nononta, suna zuba manta a shayi da gishiri, suna saƙa tanti da igiya da gashinta. Da yake itace ba ya tsiro a can sama, busasshen kashinta ne makamashin girki. Ita ke kai kayan masu hawan Everest sansaninsu na gefen Nepal, mai tsayin mita 5,364. A hanyoyin da ke ƙasa da garin Namche kuwa, an fi ɗora wa dzo kaya, wato ruwa biyun yak da saniyar gida.

Yanzu da ɗumamar yanayi ke narkar da ƙanƙarar Himalaya, dabbar da aka halitta don sanyi tana cikin waɗanda abin zai fi taɓawa, tare da iyalan da abincinsu, wutarsu da matsuguninsu suka dogara da ita.